Jika talatin a aljihu, hutu ya matso: ina ɗalibin Maraɗi zai dosa?

Tambaya: Malam, ina wuni. Mu huɗu ne, ɗalibai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi. Kowannenmu ya tara wajen jika talatin, daga bursu da ɗan abin da gida suka taimaka. Muna son in an ba da hutu mu fita mu ga wani gari, don a cikinmu akwai wanda bai taɓa wuce Gidan Rumji ba. Ɗaya ya ce Yamai, ɗaya ya ce Kano, ɗaya kuma ya kafe sai Kotono don ya ga teku. Ina kuɗin nan zai kai mu ya dawo da mu?

Amsa: Lafiya lau, ɗana, Allah ya yi muku albarka. Na daɗe ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a lise, kuma da wuya shekara ta ƙare ban kwashi ɗalibai mun fita ba, wani zubin da kuɗin da ko tunkiyar kirki ba za su saya ba. Saboda haka na san irin lissafin da kuke yi da dare. Sai dai kun fara shi ta ƙarshe. Kuna gardama a kan sunan gari, alhali abin da ke cinye guzurin ɗalibi shi ne wurin kwana. Kuɗin mota sau biyu ake biya, zuwa da dawowa, kuma tun kana gida ka san nawa ne. Kuɗin ɗaki kuwa duk faɗuwar rana sai ya dawo ya yi sallama. A babban gari, ɗakin otel mafi sauƙi zai lashe jika talatin ɗin mutum guda cikin kwana uku ko huɗu, bai ci ba, bai sha ba, bai ga komai ba.

To ku ajiye gardamar, ku ɗauko takarda. Jami'arku ta tara yara daga dukkan jihohi takwas na ƙasar nan. Ku rubuta sunayen abokan karatunku da garuruwansu, sannan ku ƙara da na dangi: gwaggo da aka kai aure Damagaram, kawu da ke aiki Yamai, ɗan unguwarku da ke sayar da atamfa a Kano. Garin da kuka samu wanda zai ce muku "ku zo, akwai zaure", shi ne garinku mai araha. Amma fa zuwa gidan mutane yana da ladabinsa. A sanar da su tun da sauran mako biyu, kada a yi musu dirar mikiya. A faɗa musu ku nawa ne da ranar da za ku tashi. A riƙe tsaraba, ko ƙuli-ƙuli ne da man gyaɗa da sukari da ganyen shayi, tunda daga garin gyaɗa kuka fito. Haƙƙin baƙo a Musulunci kwana uku ne, kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Samari huɗu masu cin tuwo ba ƙaramin nauyi ba ne a kan tukunyar kowa, don haka in za ku wuce kwana uku, ku raba kanku gida biyu, ko ku riƙa sayo cefane kuna miƙa wa uwar gida ba tare da surutu ba.

In ka ce lallai in zaɓa muku, ba zan yi kwana-kwana ba: ku tafi Damagaram.

Tsakaninmu da ita kilomita wajen 240 ne a kan babbar hanyar ƙasa, kwalta tun daga nan har can. Wanda ya tashi bayan asuba zai ci abincin rana a cikin gari. Ba canjin kuɗi, ba ƙetare iyaka, ba sabon harshe, illa dai za su yi wa Hausarku dariya ku ma ku yi wa tasu. Abin da ya fi wannan, yawancin abin kallon Damagaram da ƙafa ake ganinsa, ba a biyan ko dala.

Ku fara da Birni, tsohuwar unguwar sarauta. Ku shiga da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku bi lunguna kuna ɗaga kai. Fuskokin gidaje na da zane da aka fitar a jikin ƙasa, wasu da launi, zankwaye a tsaye bisa kusurwa, ga kuma manyan duwatsu a tsakiyar unguwa kamar an jibge su da gangan. Fadar Sarkin Damagaram tana nan, ginin tsakiyar ƙarni na 19. Ku yi sallama da dogarai, ku ce ɗalibai ne daga Maraɗi, ku nemi wanda zai zagaya da ku, ku kuma tanadi ɗan goro da za ku ba shi a ƙarshe. Ku tambaye shi labarin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa, aka kuma ƙera masa igwa a nan cikin garin, a lokacin da ayarin raƙuma ke zuwa daga Tarabulus su wuce Kano. Ku tambayi Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kyaftin ɗin Faransa Cazemajou a 1898, Turawa suka dawo da yaƙi shekarar da ta biyo. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya laƙaba wa kansa Abdul Karim, ya sauka garin a ƙarshen 1852. Kuma kada ku manta, Damagaram ce hedikwatar Nijar a farkon mulkin mallaka, sai a 1926 aka mayar Yamai. Har yau in ka zauna da dattijon Damagaram za ka ji abin bai gama fita daga ransa ba.

Akwai abin da zan faɗa maka da baƙin ciki. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, da ya haura shekara 170 a tsaye, ya rushe a ruwan saman watan Satumba na 2024, daminar nan da mu ma a Maraɗi ba za mu manta da ita ba. Na sha kai ɗalibai gindinsa. Akwai waɗanda na ce wa su zo mu je suka ce sai baɗi. Ginin ƙasa ba ya jiran kowa, shi ya sa nake matsa muku ku je yanzu.

Kwana na biyu ku ba Zango, unguwar fatake, inda ayari ke sauke kaya a da, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi zamani. A nan za ku ga dukawa suna ɗinka jaka da takalmi da matasan fata. Kallo kyauta ne, amma in ka tsaya kana ɗaukar hoton mutum yana aikinsa, nemi izini, ka kuma sayi ko ɗan zoben makulli ne. Ku daidaita tafiyarku Alhamis ta same ku a gari, don ran nan babbar kasuwa ke ci. Lahadi kuma ku shiga ƙaramar mota zuwa Mirya, ba ta kai kilomita 20 ba. Kasuwarta ran nan take ci, ga tukwane da tuluna da garin ya yi suna a kansu, ga garake masu inuwa da za ku zauna ku ci rake. Ranar dawowa ku sayi alkaki, don in kun shigo Maraɗi daga Damagaram ba alkaki, ƙannenku ba za su yarda kun je ba. Abu guda kawai: Damagaram gari ne mai ƙarancin ruwa tun fil azal. In mai masauki ya ba ka bokiti guda, ka yi wanka da rabi. Ba rowa ba ce, saye suke yi.

Hanyar ma kanta darasi ce, in ba barci kuka yi ba. Za ku wuce Agye da Gazawa ku isa Tasawa, wajen rabin tafiya. Gaba da Tasawa kaɗan akwai Mai Jirgi, ƙauyen da motoci ke wucewa a guje ba wanda ya waiga. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ake ba da labari, suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Gwamnatinsu ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu baki suka kashe su. Dab da shiga Damagaram kuma ga Tirmini, inda ragowar rundunar ta yi karo da mayaƙan Kuran Daga a ƙarshen wannan watan. Kun karanta duk wannan don jarrabawa kun manta. Wanda ya tsaya a bakin kabarin ba ya mantawa. In kuna son sauka a Mai Jirgi, to ku bar motar kamfani, ku shiga Hiyas daga tasha zuwa Tasawa, ku kwana gidan aboki, washegari ku ci gaba guntu-guntu. Ya fi wahala, ya fi cin lokaci, amma ni shi na fi so.

Yanzu bari in ɗan tsokane ku. Kuna mafarkin teku, amma ku nawa ne kuka taɓa shiga fadar Tsibiri? Ga ta nan, tafiyar ƴan mintoci, kuɗin kabu-kabu ko adaidaita. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Gobirawa suka yi ta yawo da sarautarsu, sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri. Mu kuma nan, sarautar Katsina ce ta yo hijira bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Garin da kuke takawa ma ba shi ne na asali ba. Tsohon yana cikin fadama, ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye shi, aka hauro tudu aka yanka tituna a miƙe. Ku samu tsoho a unguwannin da ke kusa da fada, ku saya masa goro, ku zauna. Wannan yini guda ne da bai fi kuɗin shayi ba.

Haka Madarumfa, kilomita ashirin da ƴan kai kudu da mu. Ku bi ta Jiratawa ku ga garaken zogale da noman rani, ku isa tafkin, ku yi ciniki da masunta su zagaya da ku a kwalekwale, ku ci soyayyen kifi a baki. Kewaye da tafkin akwai kaburburan da ake danganta wa waliyyai 99, kuma tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su. Bayan damina, lokacin da tafkin ya cika tsuntsaye suka sauka, ya fi kyau. Amma ku je da safe ku dawo kafin la'asar sakaliya, kuma kada wani ya ja ku zuwa dajin Baban Rafi ko ƙauyukan bakin iyaka. Ku ƴan nan ne, kun san abin da ɓarayin daji ke yi a wannan yanki. Ba na son mahaifin wani ya sayar da gona don ya fanshi ɗansa da ya tafi yawon buɗe ido.

Yamai fa? Tana yiwuwa, amma da sharaɗi. Kilomita wajen 660 ne, yini guda cur a mota, a tashi kafin asuba a bi Madawa da Galmi mai albasa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Kuɗin zuwa da dawowa kaɗai zai ɗauke fiye da rabin abin da ke aljihun kowannenku, ragowar kuma taksi zai yi ta tsinka, don Yamai ba garin da ake gamawa da ƙafa ba ne. In kuna da gidan sauka, ko abokai a Jami'ar Abdou Moumouni da za su matsa muku a ɗaki, to bismilla, kwana uku sun isa. Ku ba gidan tarihi na Boubou Hama yini guda cikakke. Tun 1959 yake, kuɗin shigarsa kaɗan ne, a ciki akwai ƙasusuwan dabbobin zamanin da da aka tono a hamadar Agadas, da ragowar itacen nan na Tenere da ya rayu shi kaɗai a sahara har mota ta ture shi a 1973, da zakuna da dorina, da masu sana'ar hannu suna aiki a gabanka. Da yamma ku taka gadar Kennedy da ƙafa ku kalli Kwara lokacin faɗuwar rana. Ga wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbinmu ba, wannan ma ya isa labari. Raƙuman dawa na Kure kuwa, in Allah ya sa kun hango su ta tagar mota, to. Tun harin watan Agusta na 2020 da aka kashe mutum takwas a can, wurin ya daina zama na shiga haka kawai.

Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma faɗuwar da Naira ta yi a 2023 da 2024 ta sa mai Sefa yana shiga kasuwa da ƙarfinsa. Abinci da motar cikin gari suna da sauƙi. Abin gani kuwa ba a magana: dutsen Dala da za ka hau ka ga birni a shimfiɗe, kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, marinar Ƙofar Mata, Gidan Makama, Kantin Kwari. A hanya ga Katsina da hasumiyar Gobarau, wadda a wurinmu Katsinawan Maraɗi kamar ziyarar gidan kaka ce. Matsalar duk a hanya take. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina gajeruwar tafiya ce, amma shingaye sun yi yawa, kuma yankin Jibiya ya sha fama da ƴan bindiga. An rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024. Nijar ta kammala fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen da suka fita. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne, ba a ƙetarawa da katin ɗalibi kaɗai. Sai da katin ɗan ƙasa mai rai da katin allurar shawara. Ba a tafiyar dare ko kusa da magariba. Kuma ana gobe za ku tashi, ku je tasha ku tambayi direbobin da suka dawo ran nan yadda hanya take, don labarinsu ya fi na rediyo sabo. Ni da za a bi shawarata, in har sai an shiga Najeriya, a haɗa ta da tafiyar Damagaram: a dawo ta Takeita a gangara Matamai, a ƙetara ta Ɗan Barto zuwa Kwangwalam, a sauka Daura a ga rijiyar Kusugu ta labarin Bayajida. Amma wannan sai da babba a cikinku wanda ya saba hanyar, kuma sai iyaye sun sani sun yarda. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ranar da jirgi ya fara bin sa wannan amsar tawa za ta sauya.

Mai son teku kuma, ka gaishe shi, ka ce masa ya yi haƙuri. Daga nan zuwa Kotono kusan kilomita 1,400 ne ta Doso da Gaya da Paraku, kuma tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a rikicin 2023 mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale, kowane mataki da kuɗinsa. Jika talatin za ta kai shi ya ga teku, sai dai a can zai zauna. Agadas ma haka nake ce muku ku dakata, duk da ina ƙaunar garin. Tsohon birninta ya shiga jerin UNESCO a 2013, hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai mita 27 abin a gani ce, bikin Bianu a farkon Muharram kuma babu irinsa. Amma daga Damagaram sai an ƙara wajen kilomita 450 ta Tanut, kuma rayuwa a can da tsada. Gadabeji, arewa da Dakwaro, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, a jiharmu take, sai dai ba motar haya da ke shiga, sai an yi shatar mai ƙafa huɗu an nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Wannan tafiyar aji guda ce da makaranta za ta shirya, ku kai wa malamanku da ƙungiyar ɗalibai maganar.

Lokacin tafiya ma yana rage kuɗi ko ya ƙara. Dogon hutu yana faɗawa cikin damina. Ƙasa ta yi kore, hanya da daɗin kallo, amma ga sauro, ga ruwa da kan yanke hanya, ga kuma gona da ke jiran da yawanku. In a lokacin za ku tafi, kowa ya naɗe gidan sauronsa a jaka, don jinyar zazzaɓi guda ta fi kuɗin motar duka. Hutun ƙarshen Disamba ya fi mini, ga sanyi, ga abinci ya yi araha bayan kaka, sai dai a riƙe bargo. Sau da yawa a wannan tsakanin ne ake kokowar takobi ta ƙasa, wadda ake yi tun 1975, da Kantu namu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin a Tawa. Jiha-jiha take zagayawa. In ta faɗo Damagaram ko Tawa kuna da gidan sauka, kun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In babu gidan sauka kada ku soma, don a makon nan ko rumfa sai da kuɗi. Watan Afrilu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, ku zauna gida. Haka jajibirin Salla, mota cike, kowa na sauri.

Saura riƙon kuɗin, wanda a nan ne na ga ɗalibai sun fi faɗuwa. Wata shekara na tafi da yara goma sha biyu, na yi sakaci na bar kowa da kuɗinsa a hannu. Daren farko suka gano mai tsire da mai lemun kwalba. Kwana na uku biyar a cikinsu ba su da na komawa, sai da na kira gida aka aiko mini da kuɗin hatsin iyalina. A kan hanyar dawowa kuma motar da muka shiga ta lalace a daji, muka yini gindin wata bagaruwa, ba mai ko dala ashirin da zai sayi ruwa. Tun daga ranar na kafa doka, ita zan ba ku. Ku huɗu kuna da jika 120. Ku naɗa ma'aji, wanda ya fi ku maƙo, ba wanda ya fi ku baki ba. Ku je gishen kamfanoni biyu ko uku, irin su Rimbo da STM da Sonef, ku tambayi farashin ranar, ku kwatanta da na Hiyas a tasha. Motar kamfani tana tashi a kan lokaci, ta tasha ta fi sauƙi amma sai ta cika. Da kun san kuɗin, ku ware na dawowa, ku ƙara masa jika biyu-biyu na ko-ta-kwana, ku bar shi wajen wani babba a gida ya turo muku ta Nita ko Amana ranar da za ku juyo. Abin da ba ya aljihu ba ya tafiya wajen mai tsire. Ragowar a raba shi bisa yawan kwanaki, kullum da safe ma'aji ya fitar da na ranar kaɗai.

Guzuri kuwa daga gida ake haɗa shi: gari, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji, dabino, kayan shayi da ɗan kurfo. Gari da ƙuli da ɗan albasa sun tsayar da cikin ɗalibi tun kafin a haife ku. A can kuma ku ci inda ƴan gari ke ci, ƙosai da koko da safe, shinkafa da wake ko dambu da rana, fura in rana ta yi zafi, tuwon mai masauki da dare. Wurin da ka ga an rubuta farashi a allo an kunna fanka, na ma'aikata ne. Kowa ya riƙe gorar ruwansa ya riƙa cikawa a gida, da buta da tabarma ƙarama da fitilar hannu. Ko a cikin ƙasa katin ɗan ƙasa ya zama a jikinka, ba a cikin jakar da aka ɗaure bisa mota ba, don a shinge za a ce kowa ya sauko da nasa, wanda ba shi da shi kuma zai tsayar da mota guda ana zaginsa. Katin ɗalibi ku riƙa nuna shi a duk ƙofar da ake biyan kuɗin shiga, ku tambaya ko akwai ragi, ba abin kunya ba ne. In kun samu takarda daga sashenku mai hatimi da ke cewa ziyarar ilimi kuke yi, za ku sha mamakin ƙofofin da za ta buɗe muku a fada da ofisoshi.

Ba ka faɗa mini ko akwai mace a cikinku ba. In akwai, to maganar zaure ta tashi. Sai gidan dangi ko na ƙawarta, a cikin gida wajen mata, kuma iyayenta su yi magana da masu gidan baki da baki kafin a tashi.

Da ni ne ku, ga yadda zan yi. In tashi Laraba da asuba, in kwana Damagaram. Alhamis kasuwa da Zango, Juma'a Birni da fada, in tsaya in ga fitowar sarki zuwa masallaci da dogarai da algaita. Asabar in huta in wanke kaya in zaga jami'ar André Salifou in gaisa da ɗalibanta, Lahadi Mirya, Litinin in juyo, in sauka Tasawa in sayi kilishi da abin da ya rage. In kun dawo ka zo ka same ni da littafin ma'aji, ina son in ga nawa kuka kashe a kan tsire.